Waƙar Kwarin Maje a Bakin Turawa

Zuwa ga mahaifina, Malam Isiyaku.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, Ya sa ƙasar Jidda da ka kwanta a cikinta ta yi maka sauƙi. Ɗanka ne Yahuza. Na san ba a aika wa wanda ya rasu takarda, kuma na san rubutuna ba na kirki ba ne, kai da kanka ka sha cewa hannuna ya fi sabawa da sukudireba a kan alƙalami. Amma wata magana ce ta tsaya mini a wuya, ta ƙi wucewa ta ƙi dawowa, shi ya sa na zo na rubuta ta a nan inda mutane suke gani. Masu karantawa su yi mini haƙuri, ba da su nake ba, da Baba nake.

Labarin gida dai alhamdu lillahi. Umma ta fita takaba lafiya. Ta rame, amma tana cin abinci. Yaya Hamza ne yake riƙe da gidan, yana ƙoƙari ƙwarai, har ya fara tafiya irin taka, hannu a baya. Bikin ƙanwarmu Rukayya da aka ɗaga saboda rasuwarka an sake sa masa rana, ya kusa. Ni kuma ina nan unguwar Sharafiyya wajen gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Zafi ya shigo, kowa nasa ya daina sanyi, aiki ya yi yawa. Kafili, Balaraben da ya tsaya mini, ya sabunta mini iƙama, takardar izinin zama, bai wahalar da ni ba.

Baba, mun buɗe akwatinka.

Koren akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado, wanda ko tsintsiya ba ka yarda ta taɓa shi. Ranar da za a raba kayanka muka jawo shi tsakar ɗaki, ni da Yaya Hamza, Umma tana ɗaya ɗakin. Mun tarar da abin da muka zata: jallabiyoyi, huluna, carbi, Alƙur'aninka mai bangon fata, da kwalbar turare da ta ƙafe. A can ƙasa kuma ga tsohon haraminka na aikin Hajji, ya koma ruwan ƙasa don tsufa, an naɗe wani abu mai faɗi a cikinsa. Yaya ya ce wataƙila allo ne. Ya yi bisimilla ya warware.

Faifan garmaho ne, Baba. Baƙi wuluk, faɗinsa kamar tiren shayi, a cikin kwalinsa. A jikin kwalin akwai hotuna ƙanana-ƙanana, kowane hoto da samarin Turawa huɗu ko biyar, gashi ya rufe musu goshi, sun matse a cikin kwat. Wasu suna riƙe da jita, wani ya harɗe hannu yana hararar mai hoto kamar yanzu aka tashe shi daga barci. Rubutun duk Turanci ne, ba wanda ya iya karantawa a cikinmu.

Abin da na gani Yaya bai gani ba shi ne salatif. Gefen kwalin ya yage an manne shi, salatif a kan salatif. Na ƙasa ya yi ja ya bushe, na sama kuwa sabo ne fes, irin wanda ake sayarwa yanzu a bakala, kantin unguwa. Wato ba mantawa ka yi da shi ba. Kana ciro shi, kana gyara shi, kana mayarwa.

Kai fa, Baba. Kai da kake kashe rediyo da zarar an sa kiɗa. Kai da ka taɓa saukar da mu daga mota a tsakiyar titi, rana tsaka, don direba ya ƙi rage waƙa, muka ƙarasa unguwarmu Waziriyya da ƙafa. Ban manta ba, takalmina har mannewa yake yi da kwalta.

Yaya Hamza ya mayar da haramin ya rufe kwalin. Ya ce, "Kiɗa a cikin harami. A rufa wa Baba asiri." Kada ka ga laifinsa, shi ya yi maka wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe ka. Tsoro yake ji maka. Ya ce yadda sadaka mai gudana take bin mutum har makwancinsa, haka abin da ya bari na saɓo yake binsa, duk wanda ya saurari faifan nan kai za a rubuta wa. Ya miƙo mini ya ce in fita da shi nesa da unguwa, in fasa shi, in zuba a shara, kada Umma ta ji, kada Rukayya ta ji. Ya ce halas, magana ta ƙare a nan.

Na karɓa da niyyar in fasa, wallahi. Na kai shi shago na sa a bayan wani mataccen mukayyif. Ga guduma a gabana kullum. Sai in ɗauko in duba salatif ɗin nan, in mayar. Ka san ni, ba na iya jefar da abu ban buɗe na ga me ya same shi ba. Ko injin da maigidana ya ce ya mutu sai na kwance shi tukuna.

Kafin in gaya maka abin da na ji a faifan, bari in tuna maka waƙar gida, saboda masu karantawa ba su san ta ba.

Mu duka a Jidda aka haife mu, har Umma. Ba wanda ya taɓa taka Nijeriya a gidanmu in ba kai ba. Ba mu da hoton kaka, ba mu da kawu da yake kira a waya ranar salla. Abin da muke da shi biyu ne: sunan ƙauyenku, Kwarin Maje, da waƙarsa.

"Kwarin Maje, Kwarin Maje, ruwa ya sauka, a buɗe ƙofa, baƙi sun dawo gida."

Da ita Umma take lallashinmu muna yara. Da ita aka yi sunan Rukayya. Da ita aka kawo matar Yaya. Matan layinmu duk sun koya, har suna aro a bikinsu. Tafinta daban yake, ba ya faɗuwa inda aka saba, yana zuwa a baya kaɗan kamar mai ɗingishi. Duk matar da ta zo sabuwa daga Nijeriya sai ta riga kowa tafawa, Umma ta kama hannunta ta gyara mata. Akwai wata da ta zo Umra ta zauna, ta ce ita 'yar wajajen can ce, amma ba ta taɓa jin wannan waƙa ba. Umma ta ce mata ai kowane gari da tasa.

Ita kaɗai ce waƙar da ba ka hanawa. Idan mata suka fara sai ka tashi ka fita ƙofar gida, mu muna cewa kunya ce, ko kewar gida. Na taɓa leƙowa na gan ka a kan benci, kanka a ƙasa, babban yatsan ƙafarka yana bugun takalmi daidai inda tafin yake faɗuwa.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Lokacin da ake yawan kame a unguwa, ana kwashe marasa takardu ana mayar da su, takardunmu sun tsaya, kowa yana tsoro. Ni ina yaro na shirya abin da zan yi. Na ce idan aka sa ni a jirgi aka sauke ni a ƙasar da ban sani ba, zan yi ta tambaya har in isa Kwarin Maje. Zan tsaya a bakin kasuwa in ɗaga murya in yi waƙar. Wata tsohuwa za ta ajiye ƙwaryarta ta ce wannan jininmu ne. Da wannan tunanin nake samun barci. Ko da na girma, gemu ya fito, ban taɓa cire shi daga raina ba. Duk sanda iƙama ta kusa ƙarewa sai in ji ina rera ta a hankali a kan tsani wajen aiki.

To, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sa faifan a leda na nufi kasuwar Bab Makka. A bayan 'yan yadi akwai wani tsoho ɗan Yaman da ake ce wa Ammi Salim, yana sayar da tsofaffin kaya: rediyoyi, agogon bango, butocin gahawa. Yana da garmaho mai aiki. Na ce a raina sau ɗaya zan ji, in san abin da zan fasa.

Ya karɓe shi ta gefe-gefe da tafin hannu, bai yarda yatsansa ya taɓa fuskar ba. Ya hure shi, ya goge da ƙyalle, ya ɗaga shi wajen haske. Ya ce mai wannan abu ya san darajarsa. Ya yi aiki a jirgin ruwa yana saurayi, yana ɗan tsintar Turanci, shi ya karanta mini kwalin. Ya ce ba mawaƙi ɗaya ba ne, ƙungiyoyi ne daban-daban na samarin Ingila na zamanin da, aka tsinto wa kowa waƙa ɗaya aka tara a faifai guda, kamar yadda mai dabino yake jera iri-iri a faranti don a ɗanɗana.

Ya ɗora allura. Aka fara jin ƙas-ƙas kamar ana soya wani abu a ɗakin maƙwabta. Sai ganga ta faɗo.

Baba, hayaniya ce. Wani yana ihu kamar an taka masa ƙafa, jita tana ƙara, ganga ba ta hutawa. Wata waƙar ta wuce, wata ta shigo da wasu muryoyin, su kuma a tare suke yi kamar 'yan makaranta. Akwai wani abin busa ƙarami da Ammi Salim ya nuna mini a hoto, ana goga shi a leɓe, kukansa kamar na jirgin ruwa zai bar tasha. Ina zaune a kan kwali ina ta istigfari a zuci, ina cewa me Baba ya gani a wannan? Har na ji sanyi a raina. Na ce tarkacen ƙuruciya ne kawai, zan fasa ba tare da ya dame ni ba.

Sai ya juya faifan.

Ban san ta nawa ba ce a wannan gefen. Abin da na sani, ƙafata ce ta riga ni ganewa. Na ga tana bugun ƙasa ni ban sa ta ba. Ganga tana sauka daidai inda Umma take tafawa, can baya kaɗan. Sai wani Bature mai shaƙaƙƙiyar murya ya buɗe baki, ya hau inda muke hawa, ya sauka inda muke sauka, ya ja numfashi a inda Umma take jan nata kafin ta ce a buɗe ƙofa. Kalmomin nasa ne, ban ji ko ɗaya ba. Amma waƙar Kwarin Maje ce, Baba. Ita ce, ba kama ba.

Ammi Salim ya ga fuskata ya miƙo mini ruwa. Na ce ya sake sawa. Na ɗauka a waya. Na ce ya sake. Ina ta jira in ji wurin da za su bambanta in ce yawwa, kama ce kawai. Bambancin da na samu biyu ne: tasu ta fi tamu gudu, kuma a tsakiya mawaƙin yana yin shiru, abin busan nan ya karɓa shi kaɗai na ɗan lokaci. Mu ba mu da wannan wurin a tamu.

Na gaya wa tsohon abin da ke nan, don ban iya riƙewa ba. Bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa. Ya ce in kwantar da hankalina, su ma yaran Ingilan ba a gidan ubansu suka samo wannan kiɗa ba. Wajen baƙaƙen fatar Amurka suka koya, jikokin waɗanda aka kwaso daga ƙasashenmu a jirgin ruwa. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, wa ya sani, wataƙila kayanku ne ya yi yawo ya dawo." Shi a ganinsa ya taimake ni. Ni kuwa ƙara rikita ni ya yi. Da na shigo ina da gari ɗaya. Na fita ban san ko ina da shi ba, ko kuwa uku ne da ni.

Daga nan ban tafi gida ba, na ratsa cikin 'yan yadi wajen Baba Mudi, abokinka tun kuna samari. Yana nan a rumfarsa, idon ne dai ya ƙara yin rauni. Na gaishe shi, na zauna, na ciro kwalin na ɗora masa a cinya. Ya shafa shi da hannu, ya kawo shi dab da fuska. Sai ya yi dariya har da tari, daga baya kuma ya share ido da gefen rawaninsa. Ya ce, "Ashe Isiyaku bai yar da shi ba. Ya rantse mini ya yar."

Shi ya ba ni labarin da kai ba ka ba mu ba. Ya ce a goye aka fito da kai daga Kwarin Maje. Iyayenka sun biyo hanyar ƙasa ta Sudan za su aikin Hajji, suna tafiya suna tsayawa yin ƙwadago. Mahaifinka a hanya ya rasu, mahaifiyarka kuma ba ta daɗe da sauke farali ba ta bi shi, kana ɗan ƙarami. Ya ce sunan garin kawai ta bar maka, ko hanyarsa ba ka sani ba. Ni da nake zaton ka yi wasa a bakin rafinsa, ka ci kasuwarsa.

Ya ce da kuka tasa kun yi aiki a gidan wasu Turawa masu aikin tashar jirgin ruwa, kai a kicin, shi a wanki. Da za su koma ƙasarsu ɗaya ya bar muku garmaho da faifan nan. Kuna ɗaki ɗaya, ba ku da wani faifan, shi kuke ta juyawa har allura ta cinye. Ya ce ka iya kowace waƙa a ciki da baki, har kukan jitar. Daga baya ka kama karatu wajen malamai, ka sayar da garmahon, ka daina.

Sai maganar aurenku da Umma ta zo. Ya ce a lokacin, ranar ɗaukar amarya, matan gidan amarya ba sa sakin ta sai dangin ango sun yi waƙar garinsu a bakin ƙofa. Kanawa su yi tasu, Barebari su yi tasu, Zabarmawa su yi tasu, a nan ake sanin ango ɗan wasu ne, ba daga sama ya faɗo ba. Kai ba ka da dangi, sai Baba Mudi da matarsa, Allah Ya jiƙanta. Ita ta zo ta tambaye ka wace waƙa za su yi. Ya ce ka yi kwanaki ba ka cin abincin kirki. Ana gobe biki ka zo ka zaunar da ita, ka rera mata waƙa da sunan Kwarin Maje, ka koya mata tafin. Baba Mudi yana waje yana ji, ya gane ta tun daga farko, ya cusa hula a baki don kada dariya ta fito. Da ka fito ka kama hannunsa ka ce, "Mudi, ita kaɗai gare ni."

Ya ce aka yi waƙar a bakin ƙofa, tsofaffi suka ce ma sha Allah, wannan ango ɗan asali ne. Aka ba ka amarya.

Baba, na rasa yadda zan ɗauki wannan magana. Wani lokaci ina kan tsani sai haushi ya kama ni, in ce ka bar ni na girma ina shirin zuwa bakin kasuwar mutane in yi musu waƙar Turawa, su taru su kalle ni kamar mahaukaci. Kafin in sauko kuma sai in tuna kai ma saurayi ne kamar ni a lokacin, ba uwa ba uba, an ce ka kawo abin da ba a taɓa ba ka ba. Sai haushin ya tafi, wani abu ya zo wanda ban san sunansa ba. Ƙarya ka yi mana? Kalmomin ai naka ne, Bature bai san Kwarin Maje ba. Ruwan da ya sauka, da ƙofar, da baƙin da suka dawo gida, kai ka sa su. Amma in naka ne, me ya sa kake fita waje idan ana yi? In kuma kunyarsa kake ji, me ya sa kake canja masa salatif?

Ga kuma maganar Yaya. Na saurara, Ammi Salim ya saurara, wani mai sayen agogo ma ya tsaya ya saurara. An rubuta maka ke nan, ta dalilina? To mu da muka shekara muna yin ta a suna da biki, mata suna tafi, wannan a wane littafi yake shiga? Na so in tambayi malamin masallacinmu, na je har gabansa, na rasa ta inda zan fara. Na gaishe shi na taso.

Yaya ya tambaye ni ko na gama da abin nan. Na ce ina kai. Ya dube ni ya ce, "Yalla, yi maza, Yahuza, kafin biki." Kuma ni na ga in na fasa komai ya zauna daidai. Baba Mudi ba zai faɗa ba. Umma za ta yi waƙarta ranar kai Rukayya, 'ya'yan Rukayya su taso da garinsu kamar yadda muka taso. Ni kaɗai zan riƙa jin Bature a ƙarƙashin muryar Umma har in mutu. In kuma ban fasa ba, wata rana wani zai ji, ya zama na ƙwace wa Umma abin da aka ɗauko ta da shi daga gidansu. Na ɗauki guduma na ajiye ya fi a ƙirga.

Abin da ya raba gardamar, na ga ba ni da ikon yanke wannan hukunci. Ba don ni aka yi waƙar ba. Don ita aka yi.

Na same ta da la'asar a tsakar gida tana haɗa wa Rukayya turaren wuta, ta baza itacen a faranti tana yayyafa masa turare. Ba kowa a gidan. Na durƙusa na ce Umma, akwai abin da muka samu a akwatin Baba, Yaya ya ce in fasa, ni kuma na kasa. Na ajiye kwalin a gefen tabarma. Ta dube shi, ba ta taɓa ba, hannunta duk mai. Na ce akwai kuma abin da nake so ki ji, in na yi laifi ki yafe mini. Na kunna wayar, na sunkuyar da kai, ina jiran kuka ko salati.

Ta ci gaba da juya turarenta. Baturen ya hau, ya sauka. Can ta ce, "Waɗannan yaran gudu suke yi kamar an biyo su. Ba haka ake yin ta ba. Wa ya koya musu?" Na ce Umma, ai su ne... Ta katse ni ta ce, "Ubanku ya yi aiki da Turawa a tasha. Ka ga abin da ake gudu ke nan, ka yi waƙa a gaban mutum ya tafi da ita."

Na buɗe baki in gyara mata, sai na ga hannunta. Waƙar tana tsakiya, mawaƙin bai kai ga yin shiru ba tukuna, sai ta ɗaga yatsa ɗaya sama, ta riƙe shi, kamar mai cewa saurara. Tana sauke shi abin busan nan ya shigo. Daidai, ba gaba ba baya. Wurin da babu shi a tamu, Baba. Wurin da ba wanda zai san yana zuwa sai wanda ya taɓa jin faifan, kuma ba sau ɗaya ba.

Ta ga na gani. Ta mayar da hannun cikin turare. Ta ce in ɗauki abin in sa mata a cikin durowarta, ƙarƙashin zannuwa. Ta ce, "Ka gaya wa Hamza kayan mijina ne, ban ba kowa ba. In yana da magana ya zo ya same ni." Daga nan ta aike ni sayen gawayi.

Yaya ya je ya same ta. Ban san me suka ce ba, ya fito idonsa ja, bai sake tayar da maganar ba. Faifan yana nan lafiya.

Ni ne dai har yanzu ban san inda nake ba. Yaushe ta ji shi? Kai ka kai ta inda ake da garmaho kuna sabon aure, ka faɗa mata gaskiya? Ko tun ranar da aka tsaya a ƙofar gidansu ta san angon nata ba shi da kowa, ta fito duk da haka? Shekara da shekaru tana kama hannun matan Nijeriya tana gyara musu tafi, fuskarta ko gezau. Ashe ku biyu ne. Ban tambaye ta ba, kuma na ga alama ba zan tambaya ba. Ta riga ta gaya wa matan layi ita da kanta za ta ja waƙar ranar da za a kai Rukayya, su kuma su amsa. Zan tsaya a waje tare da maza. Ban san me zan ji ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ka naɗe ka ɓoye. In akwai laifi a sauraron da na yi, Allah Ya ɗora mini, kada Ya ɗora maka. Ya jiƙan kakata da ta goyo ka ta ratso duniya da kai, Ya haɗa ka da ita ka ji muryarta da kunnenka. Su kuma samarin jikin kwalin, yanzu tsofaffi ne ko sun mutu, ban san me ake roƙa musu ba, na bar su da Allah. Ya ba Umma tsawon rai da lafiya, Ya sanya albarka a auren Rukayya, Ya sanyaya zuciyar Yaya Hamza. Amin.

Wassalam. Ni ne ɗanka mai kewarka,
Yahuza, daga Waziriyya.